Modem Ɗin Rediyo Ba Kebul Ba Ne: A Lissafa Lokaci Kafin A Zargi Eriya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da matasa masu sana'ar haɗa na'urori, musamman waɗanda ke haɗa mitar wuta, injin tura ruwa, na'urar auna yanayi ko jirgi marar matuƙi da kwamfuta ta hanyar modem ɗin rediyo. Akwai wata matsala da ke cinye musu kwanaki da kuɗi a banza. Na'urori biyu suna magana lafiya ƙalau ta kebul, sai a zare kebul ɗin a sa modem biyu a madadinsa, sai magana ta fara yankewa. Nan da nan a hau sama a ɗaga eriya, a sayo wadda ta fi tsawo, a ƙara ƙarfin watsawa, amma matsala tana nan daram. Sau da yawa sigina lafiyarta lau, lokaci ne ya rikice. Modem yana isar da kowane bayit, wato harafi ɗaya na bayanin kwamfuta, yadda aka ba shi, amma tazarar da ke tsakanin bayit da bayit ba ya isar da ita yadda ya same ta, alhali akwai na'urori da dama da ma'anar saƙonsu ta rataya a kan wannan tazarar.

A layin siriyal, wato wayar da bayani ke bi bit ɗaya bayan ɗaya (bit shi ne sifili ko ɗaya), irin RS-232 da RS-485, babu wayar agogo da ke gaya wa mai karɓa yaushe zai karanta. Layin yana zaune shiru, sai bit ɗin farawa ya shigo, bit takwas na bayani su biyo baya, sannan bit ɗin tsayawa ya rufe. Goma ke nan ga kowane bayit a tsarin da ake rubutawa 8N1, idan kuma an ƙara bit ɗin tantancewa sun zama goma sha ɗaya. A gudun bod 9600, wato bit 9600 a sakan, bayit mai bit goma yana cin milisakan 1.04, wato bayit 960 a sakan guda, ba 1200 da mai raba 9600 gida takwas zai samu ba. Wannan ɗan lissafin shi ne tushen duk abin da zai biyo baya, kuma wanda bai riƙe shi a ka ba zai yi ta lalube a duhu.

Shi modem ba ya ɗaukar waɗannan bit goma ya hura su cikin iska kamar yadda suka zo. Yana cire bit ɗin farawa da na tsayawa, ya tara bayit ɗin a 'yar ma'ajiyarsa, wadda masu sana'a ke kira bafa, sannan ya ɗaure su a ƙunshi. A gaban ƙunshin akwai jerin bit na share fage domin mai karɓa ya daidaita kansa da sigina, sai alamar da ke nuna inda bayani ya fara, sai adireshi da tsawon saƙo, a ƙarshe kuma lambar CRC ta binciken kuskure. Kafin duk wannan ma, na'urar watsawa tana buƙatar lokacin tashi, domin yawancin waɗannan modem ɗin ba sa iya magana da sauraro a lokaci guda. Da za a riƙa aika kowane bayit shi kaɗai, da kayan ɗauri sun fi kayan da aka ɗaure nauyi sau da yawa. Shi ya sa dole modem ya jira ya tara.

To, yaushe zai daina jira ya aika? A nan gizo ke saƙa. Ko dai abin da ya taru ya kai iyakar ƙunshi ɗaya, ko layin siriyal ya yi shiru na wani ɗan lokaci da aka ƙayyade, sai modem ya ɗauka cewa saƙo ya ƙare. Wasu kuma ana iya gaya musu wani harafi na musamman, kamar alamar ƙarshen layi, wanda da zarar sun gan shi sai su aika. A rediyoyin XBee, saitin da ake kira RO yana zuwa a kan shiru na tsawon harafi uku. Ƙananan rediyoyin LoRa na E32 suna da bafa mai cin bayit 512, suna yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi na bayit 58, kuma daga masana'anta suna zuwa da gudun waya 9600, gudun rediyo kuwa bit 2400 a sakan. Duk modem ɗin da ka saya, waɗannan lambobi huɗu su ne na farko da za ka nemo a littafinsa: girman bafa, girman ƙunshi, tsawon shirun da yake jira, da gudun rediyo. Nisan da aka rubuta a jikin kwali ya jira tukuna.

Bari mu ɗauki Modbus RTU, wani harshen sadarwa tsakanin na'urori, domin shi ne aka fi samu a mitoci da injinan masana'antu tun bayan da kamfanin Modicon ya fitar da Modbus a 1979. Saƙon RTU ba shi da harafin buɗewa, ba shi da na rufewa. Shiru ne iyakarsa. Ƙa'idar ta ce tsakanin saƙo da saƙo a bar shiru na tsawon harafi uku da rabi, kuma idan a cikin saƙo aka samu shirun da ya wuce harafi ɗaya da rabi, mai karɓa ya watsar da saƙon gaba ɗaya. Harafin RTU bit goma sha ɗaya ne, saboda haka a 9600 harafi guda milisakan 1.15 ne, ɗaya da rabi ya kama 1.72, uku da rabi kuma kimanin milisakan 4. Idan gudu ya haura 19200, ƙa'idar ta ba da shawarar a tsayar da su a mikrosakan 750 da milisakan 1.75.

Yanzu a ce ka tambayi mita rijista guda 60, wato guraben da take ajiye lambobin da ta auna. Amsar za ta zo da bayit 125, wato biyu ga kowace rijista da ƙarin biyar na adireshi, lambar aiki, ƙidaya da CRC. Modem mai ƙunshin bayit 58 zai raba ta gida uku: 58, 58, 9. A gudun rediyo 2400, ƙunshi mai bayit 58 yana cin aƙalla milisakan 193 a iska, ban da share fage. Modem ɗin da ke ɗaya ɓangaren yana karɓar ƙunshin farko, ya zazzage shi a layin siriyal cikin milisakan 66, sannan ya zauna jiran na biyu. Shirun da ya shiga tsakani ya fi milisakan 120, a wurin da ƙa'ida ba ta yarda da ko biyu ba. Kwamfuta sai ta ga saƙo uku guntu-guntu, kowanne CRC ɗinsa bai yi daidai ba, ta rubuta kuskure. Ba a rasa ko bayit ɗaya ba, amma an rasa amsar. Alamar wannan ciwo a fili take: tambayar rijista 10 ko 20 tana aiki kullum, ta 30 kuwa ba ta taɓa aiki ba ko sau ɗaya, ko da rediyoyin biyu suna ɗaki guda. A wannan misali rijista 26 ce iyaka, domin amsarta bayit 57 ce, ta 27 kuwa 59. Hayaniyar iska ba ta iya lissafi haka. Duk matsalar da ke farawa daidai a wani tsawo, kullum a wuri ɗaya, ta lokaci ce.

Magani mafi sauƙi shi ne a rage tsawon tambaya yadda kowace amsa za ta shiga ƙunshi ɗaya. Wanda ya fi shi inganci shi ne a yi amfani da modem ɗin da ya san Modbus, wanda ke riƙe gutsattsarin har saƙo ya kammala sannan ya fitar da shi a jere ba tsayawa. Idan manhajar kwamfutar tana ba da dama, ana iya faɗaɗa tazarar da take haƙuri da ita tsakanin harafi da harafi, ko a sa ta dogara da ƙidayar bayit da ke cikin amsar. Akwai kuma Modbus ASCII, wanda ke farawa da alamar ɗigo biyu ya ƙare da alamar ƙarshen layi, yana kuma jure shirun da ya kai sakan guda a tsakiyar saƙo, sai dai tsawonsa ya kusa ninka na RTU. Tsare-tsaren da ke ɗauke da alamar farawa da tsawon saƙo a jikinsu, irin DNP3 mai farawa da bayit 05 da 64 a lissafin heksa mai tushe goma sha shida, sun fi dacewa da rediyo tun asali. Wanda ke tsara nasa harshen sadarwar daga tushe, ina ba shi shawara da babbar murya kada ya mai da shiru iyakar saƙo. Ya sa alamar farawa, ya sa tsawo, ya sa CRC, ya kuma sa lambar jeri.

Akasin yankewa ma yana faruwa, wato mannewa. Saƙo biyu sun shiga modem da shiru a tsakaninsu, amma suka tarar da shi yana wani aiki, suka kwanta a bafa ɗaya, sai ya fitar da su manne da juna. A tsarin da uwar na'ura ɗaya ke tambayar tashoshi da yawa, kowace tasha tana iya jin abin da ake faɗa wa sauran. Idan amsar tasha ta farko ta manne da tambayar da aka yi wa ta biyu, ta biyun za ta ga dogon saƙo mai adireshin wani, ta kau da kai. Sai a ce tasha ta biyu ce ke da matsala, a je a canza mata eriya, ita kuwa ba ruwanta. A sa jinkiri na milisakan 50 zuwa 100 a uwar na'ura tsakanin karɓar amsa da aika sabuwar tambaya, a gwada, sannan a riƙa ragewa har a ga inda ya fara tangarɗa.

Sai batun wa'adin jiran amsa, wanda mutane ke barinsa yadda yake tun zamanin kebul. Mu lissafa da modem mai kyau, gudun waya 9600, gudun rediyo 9600, mu ɗauka tashin na'urar watsawa da share fage suna cin milisakan 20, kayan ɗauri kuma bayit takwas. Waɗannan biyun misali ne kawai, kowa ya duba na modem ɗinsa. Tambaya bayit takwas ce: milisakan 9 ta shiga modem, 4 na jiran shiru, 20 na tashi, 13 a iska, 9 ta fita a can, jimla 55. A ba mitar milisakan 20 ta shirya amsa. Amsar bayit 125 kuma: 143 ta shiga, 4 na shiru, 20 na tashi, 111 a iska, 143 ta fita, jimla 421. Gaba ɗaya kusan rabin sakan ke nan, a aikin da kebul ke gamawa cikin milisakan 175 ko kusa da haka. Wa'adin milisakan 300 da ya wadatar jiya, yau ba zai taɓa isa ba. In akwai tashar tsakiya mai karɓa ta sake watsawa, a ƙara lokacin tashi da na iska sau ɗaya a zuwa, sau ɗaya a dawowa, abin ya kai wajen 660. In kuma modem yana maimaita ƙunshin da ya ɓace, kowace maimaitawa da nata kuɗin.

A lura da inda yawancin lokacin ya tafi: shiga da fita ta waya sun cinye 286 daga cikin 421. Idan aka ɗaga gudun waya zuwa 38400 a ɓangarorin biyu, 143 ta koma 36, an tsira da fiye da milisakan 200 ba tare da an taɓa rediyo ba. Gudun waya da gudun rediyo abubuwa biyu ne daban, kuma a yawancin modem ba dole ba ne gudun waya na wannan ɓangare ya zo ɗaya da na wancan.

Gajeren wa'adi yana da wani haɗari da ya fi rasa amsa muni, kuma shi ne ya fi damuna a duk wannan magana. Saƙon Modbus RTU ba shi da lambar da ke haɗa amsa da tambayarta, amsar karatu kuma ba ta maimaita adireshin rijistar da aka tambaya. A ce uwar na'ura ta tambayi rijista biyu na ƙarfin wuta, ta gaji da jira, ta wuce ta tambayi rijista biyu na zafin inji a tasha ɗaya. Sai ga amsar farko ta iso a makare. Adireshi daidai, lambar aiki daidai, tsawo daidai, CRC daidai. Za ta karɓe ta a matsayin zafin inji, ba tare da wata alamar kuskure ba. Idan wannan lambar ce ke kunna famfo ko kashe inji, an shiga uku. Saboda haka wa'adin jira ya zama ya rufe mafi munin yanayi, har da duk maimaitawar da modem zai iya yi, kuma manhaja ta share abin da ke bafar karɓa kafin ta aika kowace sabuwar tambaya. Kada kuma a bar modem yana maimaitawa sau biyar, uwar na'ura ma tana maimaitawa sau uku, kowa na yin nasa bai san da ɗan'uwansa ba. A zaɓi wuri ɗaya da zai ɗauki nauyin maimaitawar, ɗayan a rage shi sosai.

Mu koma kan cikar bafa. Kamar mazurari take: in ana zuba ruwa fiye da yadda yake fita ta ƙasa, faɗin bakin yana jinkirta ambaliya ne kawai, ba ya hana ta. Da gudun waya 9600, bayit 960 ke shiga a sakan. Da gudun rediyo 2400, abin da ke fita bai wuce 300 ba, a aikace ma bai kai ba. Rarar 660 a sakan za ta cika bafar bayit 512 cikin ƙasa da sakan guda, daga nan duk abin da ya shigo zubewa yake yi, kuma modem da yawa ba sa cewa uffan. Za ka ga farkon fayil lafiya, tsakiyarsa da giɓi. Gudun da aka rubuta a littafi ma ba duka ne naka ba. Rediyoyin SiK da ake amfani da su a jirage marasa matuƙi suna zuwa da gudun waya 57600 da gudun rediyo kilobit 64, amma ɓangarorin biyu suna raba lokacin a tsakaninsu, kuma idan aka kunna gyaran kuskure na Golay, abin da ke wucewa ya ragu da rabi. Doka ma tana da nata rabon: a Turai, a zangon 868.0 zuwa 868.6 MHz, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada watsawa ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na lokaci, wato sakan 36 a awa guda. Modem mai kiyaye wannan zai yi shiru idan ya cinye rabonsa, bayani kuma ya yi ta taruwa.

Abin da aka tanada domin hana ambaliya shi ne wayoyin ishara biyu da ake kira RTS da CTS, ƙafa ta 7 da ta 8 a soket mai ƙafa tara. Idan bafa ta kusa cika, modem ya sauke CTS, mai aikawa ya dakata. Amma sai abubuwa uku sun haɗu: an kunna shi a modem, an kunna shi a na'urar da ke aikawa, kuma wayoyin suna cikin kebul ɗin da gaske. Kebul da yawa waya uku kawai ke cikinsu, ta 2, ta 3 da ta 5, sai mutum ya kunna saitin a manhaja, ko dai komai ya tsaya cik, ko kuma ya ci gaba da zubewa yana mamaki. Mita mai auna haɗuwar waya za ta raba gardama cikin minti ɗaya. Ko an haɗa komai daidai, mai aikawa ba ya tsayawa nan take. Sanannen guntun UART na 16550, wanda ke tafiyar da layin siriyal a kwamfuta, yana da layin jira mai bayit 16, kuma abin da ya riga ya shiga ciki sai ya fita. Shi ya sa modem na kirki ke sauke CTS tun da sauran wuri, kamar tsofaffin XBee da ke saukewa saura bayit 17 bafa ta cika.

XON da XOFF kuwa, wato umarnin ci gaba da na dakatawa da ake aikawa a cikin bayanin kansa maimakon ta wayar CTS, a guje su a duk inda bayani ba rubutu zalla ba ne. XON bayit ne mai lamba 17, XOFF mai lamba 19. A saƙon Modbus RTU kowace lamba daga 0 zuwa 255 tana iya fitowa, a adireshi, a cikin bayani, ko a CRC. Tasha mai adireshi 19, duk tambayar da aka yi mata tana farawa ne da umarnin dakatawa. Wata rana kuma zafin inji ya kai wata lamba da ta haifar da 19 a CRC, layi ya ƙame, a rasa dalili, a kashe a kunna ya dawo, a ce ai abin na aljanu ne.

Ba kullum ba ne babbar bafa ke zama alheri. A aikin safiyo da ke aika saƙonnin gyaran GPS da ake kira RTCM daga tashar tushe zuwa na'urar yawo, ko a sarrafa jirgi daga ƙasa, tsohon bayani ba shi da amfani, wani lokaci ma cutarwa yake yi. Bafa mai bayit 4096 da ta cika, a hanyar da ke wuce bayit 800 a sakan, tana nufin duk abin da ya iso ya tsufa da sakan biyar. A irin wannan aiki, gyaran shi ne a rage abin da ake aikawa, a kashe saƙonnin da ba a buƙata, a rage yawan maimaita sauran, har abin da ke shiga ya zauna ƙasa da abin da rediyo ke iya ɗauka da rara mai kyau. Ni a ganina kada a wuce kashi biyu cikin uku.

Akwai kuma jinkirin da ba daga modem yake ba sam. Adaftar USB zuwa siriyal mai guntun FTDI tana riƙe abin da ta karɓa har ya kai bayit 62 ko kuma milisakan 16 su wuce kafin ta miƙa wa kwamfuta. Ana iya rage wannan zuwa 1 ko 2 a saitin adaftar a Windows, a Linux kuma ta fayil ɗin latency_timer. Haka nan manhajar da ke rubuta saƙo bayit ɗaya-ɗaya tana iya barin giɓi a tsakiya idan kwamfuta ta shagala da wani aiki, modem ya ɗauka saƙo ya ƙare ya aika rabi. A haɗa saƙon duka a rubuta shi a kira ɗaya. Shirun da modem ke jira kuma a saita shi ya fi giɓi mafi tsawo da ke cikin saƙo, ya gaza tazarar da ke tsakanin saƙo biyu. Masu ɗan allon kwamfuta na Arduino Uno su tuna bafar karɓarsa bayit 64 ce kawai, a 9600 tana cika cikin milisakan 67, don haka umarnin jinkiri na milisakan 100 a cikin shiri ya isa ya zubar da bayani. Kuma da agogonsa na 16 MHz, gudun 115200 ba ya fita daidai, yana kaucewa da fiye da kashi biyu cikin ɗari, wanda in ya haɗu da kaucewar ɗaya ɓangaren sai haruffa su fara rikiɗa. 38400 ko 19200 sun fi zama lafiya.

A RS-485 mai waya biyu, da kuma tsofaffin modem da ake tayar da watsawarsu da RTS, akwai tarko a ƙarshen saƙo. Idan aka saki layin da zarar bafar aikawa ta zama fanko, bayit na ƙarshe bai gama fita ba tukuna, kuma shi ne rabin CRC. A jira alamar da ke nuna an kammala watsawa har bit ɗin tsayawa, sannan a saki. A farkon saƙo kuma, in aka fara turo bayani kafin na'urar watsawa ta gama tashi, adireshin ne ke ɓacewa.

Kafin kowa ya hau sama da eriya, ga yadda ya kamata gwaji ya tafi. A fara da kebul a tabbatar na'urorin biyu sun fahimci juna, a rubuta gudu da tsarin bit. Sannan a kawo modem biyun ɗaki ɗaya, a rage ƙarfin watsawa zuwa mafi ƙanƙanta, a raba su da tazarar 'yan mitoci domin kusanci sosai yana toshe kunnen mai karɓa, kuma kada a kuskura a watsa babu eriya ko lodin gwaji mai om 50, domin hakan na iya ƙona sashen ƙarfi. A duba da mita cewa ƙafar aikawa ta kowace na'ura tana nuna wuta ƙasa da sifili idan layin RS-232 yana hutawa, galibi tsakanin bolt 5 da 12 a ɓangaren ragi. In duka biyun a ƙafa ɗaya suke nuna ta, ana buƙatar kebul mai gicciye 2 da 3. Ƙananan rediyoyi masu aiki da bolt 3.3 kuwa ba a haɗa su kai tsaye da RS-232, sai an sa guntu irin MAX3232 a tsakani.

Daga nan a aika lambobi daga 0 zuwa 255 a jere, a kwatanta da abin da ya fito. In 17 da 19 suka ɓace, XON da XOFF a kunne suke a wani wuri. In duk abin da ya haura 127 ya canza, wani ɓangare yana kan bit bakwai. Sai a riƙa ƙara tsawon saƙo, 8, 50, 60, 125, 255, a ga inda ya fara karyewa. Mai osiloskop, na'urar da ke zana sigina a allo, ya sa ido ɗaya a layin da ke shiga modem na farko, ɗaya a layin da ke fita daga na biyu, zai ga jinkirin da giɓin ƙuru-ƙuru, ya auna su maimakon hasashe. A ƙarshe a duba ƙidayar da modem ke riƙewa na ƙunshin da suka lalace da ƙarfin siginar da yake ji. In modem ya ce bai ga ƙunshi ko ɗaya da ya lalace ba, amma manhaja tana ta kukan CRC, matsalar tana ɓangaren waya da lokaci. In kuwa ƙunshin ne ke lalacewa barkatai, gajere da dogo, abin kuma yana ƙaruwa da nisa, to a lokacin ne maganar eriya, tsayinta da kebul ɗinta ta taso.

Ina kira ga malaman da ke koyar da lantarki da sadarwa a makarantun fasaha su sa ɗalibai su yi wannan lissafin milisakan da hannunsu, sannan su auna shi a kan tebur su kwatanta. Masu sayar da waɗannan modem kuma su riƙa ba mai saye littafin da ke ɗauke da girman bafa, girman ƙunshi da lokacin tashi, ba kwali da eriya kaɗai ba.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wani injiniyan sadarwar rediyo